Maye ba bamfaya ba ne: inda aikin labarina ya kwana

Asabar, 6 ga Janairu 2024

Jiya da daddare na ƙarasa wani nobel da ake turo mana kashi-kashi tun watan Nuwamba, kuma shi ne na uku a jere da na karanta mai irin wannan zubin. Saurayi fari sol, dogo, ga kuɗin da ba a san tushensu ba, ba ya fita da rana ba ya cin abinci gaban mutane, sai can labari ya yi nisa yarinya ta gano ashe fiƙoƙi gare shi kuma jini yake sha. Har da akwatin gawa a ɗakin ƙasa wai nan yake kwana, a Abuja fa, sunansa na Musulmi, uwarsa Hajiya ce. Wannan akwatin shi ya tsaya min a rai. Ni tunda nake ban taɓa ganin an kai Bahaushe makwancinsa cikin akwati ba, makara ce da likkafani, a yi wanka a yi salla, kafin rana ta faɗi an rufe shi an dawo zaman makoki.

Ba raina marubuciyar nake ba, wallahi ta iya jan zaren labari, akwai daren da na kai ƙarfe biyu ina jiran ta saki kashi na gaba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne muna da namu abin tsoron jibge a gida, mayu, dodanni, fatalwa, 'yan ruwa, mutanen ɓoye, amma sai mu tsallake su duka mu aro na Turawa mu ɗora masa hula da babbar riga. Ko littattafan yaƙi da na taso da su, waɗanda nake ɓoyewa cikin littafin lissafi lokacin ina sakandare kuma har gobe ina sonsu, kusan duk a Misra ko Bagadaza ko birnin Sin ake gwabzawa, da ƙyar ka ji aljanin da ke zaune a tsamiyar bayan gidanku.

To na gaji da mita a baki, zan gwada rubuta nawa, labarin maita. Amma kafin na sa biro sai na bi asalin shi bamfayan, wato wannan mai shan jinin na Turawa, na ga daga ina ya ɓullo, sannan na je ƙauye wajen Gwaggo na naɗo tatsuniyoyinta tun tana da ƙarfin yi. Na sayi littafin rubutu mai shafi 80 guda biyu, a nan zan dinga ajiye inda aka kwana.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na gama Dirakula, na Bram Stoker ɗan ƙasar Ailan, wanda ya fito a 1897. Kwana takwas ya ɗauke ni saboda turancin tsoho ne, sai da ƙamus a gefe.

Abin mamaki na farko, dodon cikin littafin ba kyakkyawa ba ne ko kaɗan. Tsoho ne mai farin gashin baki, gashi har a tafin hannu, numfashinsa wari, baƙon da ya sauka gidansa har tashin zuciya ke kama shi in ya matso kusa. Ba abin da za ki gani ki ce kina so. Na biyu, rana ba ta ƙona shi, yana yawonsa a titin Landan da tsakar rana ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Wancan zancen na hasken rana ya kashe bamfaya daga wani fim ɗin Jamus na 1922 ya samo asali, daga nan kowa ya ɗauka. Ashe abin da marubutanmu ke kwafowa ma kwafen kwafe ne, an wanke shi an shafa masa turare sau nawa kafin ya iso wayoyinmu.

Abin da ya fi burge ni kuwa yadda aka gina littafin. Babu mai ba da labari guda ɗaya da ya san komai, duk wasiƙu ne da littattafan ajiye sirri da yankan jarida, har da rajistar matuƙin jirgin ruwan da ya ɗauko akwatuna 50 na ƙasa zuwa garin Whitby na Ingila, kullum yana rubuta an sake rasa mutum ɗaya cikin ma'aikatansa. Kowa guntun abin da ya gani yake faɗa, ke mai karatu ke ce kike haɗawa, kin riga su gane hatsarin amma ba halin ki gaya musu. Wannan dabarar kam zan riƙe.

Akwai kuma dokar cewa ba ya iya shiga gida karon farko sai wani na ciki ya ce masa shigo. Wannan ta taɓa ni don ta yi kama da tarbiyyarmu ta sallama, da yadda iyaye ke hana amsa kira da daddare in ba ki ga mai kiran ba. Shi Stoker ɗin ko ƙafarsa bai taɓa sawa a Taransilbaniya ba, yankin da dodon ya fito a Romaniya ta yau, a ɗakin karatu ya tattaro bayanan ƙasar, sunan Dirakula kuma na wani basaraken Walaciya ne, ita ma a Romaniya, na ƙarni na 15 da ya yi suna wajen tsire mutane. Tsakiyar littafin dai ya yi jan jiki da yawa, mazan sai dogayen jawabai da koke-koke, na tsallake wasu shafukan.

Talata, 23 ga Janairu

Satin nan ba nobel na karanta ba, tarihi na bi, kuma gaskiya ya fi nobel ɗin tayar da hankali.

Ashe kafin marubuta su taɓa shi, bamfaya abin ƙauye ne, na manoma talakawa a yankin Sabiya. Bayan yarjejeniyar 1718 Ostiriya ta karɓi arewacin Sabiya daga hannun Turkawa, jami'anta suka tarar da mutanen ƙauye na tone kaburbura suna sake kashe gawa. A 1725 a ƙauyen Kisiljevo wani mutum Petar Blagojevic ya rasu, cikin kwana takwas mutum tara suka bi shi, wasu kafin su cika suna cewa shi ke zuwa da dare yana danne su. Aka tilasta wa jami'in gwamnati ya tsaya aka tono shi, aka ga bai ruɓe ba ga jini a bakinsa, aka kafa masa tsinin itace a ƙirji aka ƙona gawar. Bayan 'yan shekaru aka maimaita a Medveda, har likitan soja ya je ya rubuta rahoto a Janairun 1732, rahoton ya zaga Turai, a shekarar ce ma kalmar ta shiga turancin Ingilishi. Sai a 1755 Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta tura likitanta ya bincika, ta kafa dokar hana tone-tonen.

Abin da suka gani kuwa duk yana da bayani. Gawa in ta kwana biyu a ƙasa iska na taruwa a cikinta ta kumbura, sai a ga kamar mamacin ya yi ƙiba ya ƙoshi, iskar ce kuma ke turo ruwa mai kama da jini ta baki da hanci. Fata na janyewa sai farce da gemu su zama kamar sun ƙara tsawo, in an soka itace iskar ta fita da ƙara a ce ai ga shi ya yi nishi. Ga ƙasarsu da sanyi, wanda aka binne da hunturu zai daɗe bai lalace ba.

Na zauna ina ta juya abin, sai na lura da wani bambanci da ban taɓa kawowa a raina ba. Nasu matacce ne. Duk wulaƙancin da za a yi, gawa ake yi wa, danginsa ne za su ji zafin amma shi ya riga ya tafi. Namu mayen kuwa yana da rai, maƙwabci ne, kuna gaisawa da safe, kuna haɗuwa a gidan suna. Na rubuta wannan a saman shafi na ja masa layi biyu.

Babi na ɗaya ya kai shafi 6. Mayyata tsohuwa ce mai jajayen idanu da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Ina ƙauye. Na taso daga Katsina da hantsi, na sauka bayan Mashi na hau babur, hazo ya rufe ko'ina ko bishiyar gabanki da ƙyar kike gani. Na tarar da Gwaggo a bakin murhu tana gyaran zogale, ta rame fiye da bara amma muryar na nan daram.

Da na ce mata tatsuniya na zo ɗauka sai ta ce, "Ke 'yar nan da rana tsaka? Wa zai ɗaure miki Gizo?" Ta ƙi fur, sai da aka yi isha aka ci tuwo, ta sa aka zubo garwashi a kasko aka shigo da shi ɗaki, jikokinta biyar suka zagaye ta kowa ya naɗe cikin zane, na ɗora wayata kan faifai a gabanta na danna rikodin. Tana cewa ga ta nan ga ta nanku yaran suka amsa ta zo mu ji ta, sai na ji ƙwalla ta cika min ido, rabon da na ji wannan amshin daga bakin yara tun ina firamare.

Guda shida ta yi daren nan. Ta Gizo da Ƙoƙi biyu, ta Ta-kitse, ta 'yar bora da 'yar mowa, wata ta kura da ban taɓa ji ba. Amma wadda ta sa na kasa barci ita ce ta budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba. Duk saurayin da ya zo ƙanwarta sai ta rikiɗa ta zama ƙuda ta shiga cikin rigarsa ta duba, ta fito ta ce Yaya akwai tabo, a sallame shi. Rannan sai ga wani baƙo, kyakkyawa na ƙin ƙarawa, ga doki ga dukiya, ƙuda ta zaga jikinsa kaf ba ko ƙwarzane, ta fito ta ce Yaya babu tabo amma fa ba ya ƙanshin mutane. Yayar ta ce baƙin ciki ne. Aka ɗaura aure aka kama hanya, suna nisa da gari yana mayar da kayan aro ɗaya bayan ɗaya, dokin na wane ne, rigar ta wane ce, santsin jikin ma na kuka ne, har suka isa bakin kogo ya koma dodonsa.

Jama'a ai wannan shi ne saurayin nobel ɗin da na karanta, shi ne sak. Baƙo mai kyau da ba a san asalinsa ba, wanda bai da aibu ko ɗaya don ba mutum ba ne. Muna da shi tun kaka da kakanni, har da waƙarsa da Gwaggo ke rerawa tana kaɗa kai in an zo wajen da ƙanwar ke kiran yayarta su gudu. Sai dai a bakin Gwaggo ƙanwar ce mai gaskiya, kuma mai tabon da aka raina shi ne mutum, a nobel ɗin yanzu kuwa dodon ake so ki yi sha'awa, duk wanda ya ce ki yi hattara shi ne mugun labarin. Ba na cewa kar a rubuta soyayya da abin tsoro, ni ma ina jin daɗinta, amma ƙanwar nan mai zama ƙuda ta fi min duk wata jarumar da na karanta a shekarar nan.

Tatsuniyoyinmu an fara tara su a takarda da daɗewa, Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, Ibrahim Yaro Yahaya ya yi nasa na yara da aka karanta a makarantu. Amma takarda ba ta riƙe yadda Gwaggo ke shaƙe murya ta yi maganar dodo, ƙaramin cikin yaran har ya cusa kai a cinyata.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Yau da safe na kawo zancen mayu, muna zaune mu biyu tana ɓarar gyaɗa. Da farko ta sake sosai. Ta ce maita ƙanƙara ce a ciki, wasu a nono suke sha wasu saye suke, wanda ya gada ta wajen uba kaɗai yana gani amma ba ya ci. Maye kurwa yake kamawa ba jini yake sha ba, ya ga kurwar yaro kamar ɗan tsako ko ƙadangare ya cafke ya kai kogon itace ko ƙarƙashin dutsen murhu ya danne, yaro ya kama ciwo yana ramewa. Shi ya sa in an haɗu da wanda ake zargi ake cewa kurwata kur, ci kanka ka sha baƙin ruwa. Ta ce da suna jego har tafarnuwa suke ƙulle wa jariri a tsumma, na ce Gwaggo ai Turawan ma tafarnuwa suke ratayawa, ta ce to ashe su ma sun san abin.

Sai na tambaye ta ko ta taɓa ganin an kama mayya da idonta. Ta yi shiru, hannunta ya tsaya cikin ƙwaryar.

Ta ce shekarar sanƙarau ce, da zafi. Na lissafa da shekarun yaranta na ga 1996 ce, shekarar da cutar ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Akwai wata tsohuwa mai daddawa a bayan gidansu, 'ya'yanta duk sun rasu tun suna ƙanana, mijin ma ya rasu. Wani yaro ɗan shekara bakwai ya kwanta, zazzaɓi, wuya ya sanƙare, cikin sambatu yana ta kiran sunanta. Kafin azahar an cika ƙofar ɗakinta, aka jawo ta har tsakar gidan su yaron aka ce ta tuɓe ta tsallake shi sau uku ta saki kurwarsa, tana kuka tana rantsuwa da Allah, ta tuɓe gaban yaran da ta ga haihuwar iyayensu, ta tsallaka. Yaron ya cika washegari. Ba wanda ya sake sayen daddawarta, ba mai amsa sallamarta, kafin damina ta tattara ta koma wajen wani ɗan ɗan'uwanta, can ta rasu. Bayan tafiyarta yara huɗu suka sake mutuwa a unguwar da irin ciwon, sai da ma'aikatan lafiya suka zo da allura.

Na ce Gwaggo to me ya sa ita ya kira? Ta ce ai kullum shi ake aika sayen daddawa wajenta da yamma, tana ba shi gyara, wani lokacin har da ƙuli.

Ta ce, "Ina wurin, ɗiyata. Ina tsaye da goyo. Ban ce a yi ba, ban kuma ce a bari ba." Har yanzu Gwaggo ta yarda akwai maita, ba ta canja ba, amma ta ce waccan baiwar Allah dai ba mu kyauta mata ba, kuma ba ta taɓa sallar dare ba ta sa ta a addu'a ba. Ta ce na kashe wayar, na kashe, wannan ba ya cikin rikodin kuma na nemi izininta kafin na rubuta shi nan ba suna.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Gida ya kaure da ihun ƙwallo, ana wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Najeriya da Kwaddibuwa, an ci mu 2 da 1 ƙannena ko abinci sun ƙi ci. Ni ina ɗaki da babi uku da na rubuta, shafi 19, na karanta su daga farko na ji kunya ta kama ni. Tsohuwa, ita kaɗai, ba ɗa ba jika, ƙarshen gari, jajayen idanu. Ai mai daddawa na zana ban sani ba, na kuma tsaya cikin masu cewa ta tuɓe. Idon da na kira ja, hayaƙin murhu na shekara hamsin ne ke mayar da shi haka.

Na cire shafukan na ajiye a ƙasan akwati. Wani abin takaicin kuma memorin wayata ya cika, tatsuniya biyu na daren ƙarshe ba su naɗu ba, saura 11 cikin 13.

Talata, 20 ga Fabrairu

Kwana tara ban rubuta ko layi ba, karatu kawai nake da kwafe tatsuniyoyin a takarda, na gama bakwai. Kwafewar akwai wuya, minti goma na maganar Gwaggo sai ya ci min awa ɗaya da rabi saboda ina so na bar kalmominta yadda ta faɗe su, ba na mayar da su hausar makaranta.

Na ci karo da labarin wata yarinya a Amurka, Mercy Brown, a garin Exeter na jihar Rhode Island. Tarin fuka, tibi, ya kashe uwarta da yayarta, ita ma ya ɗauke ta a Janairun 1892 tana da shekara 19, ɗan'uwanta Edwin na kwance. Maƙwabta suka matsa wa uban, a watan Maris aka tono ta aka ciro zuciyarta aka ƙona, aka jiƙa tokar aka ba Edwin ya sha. Bayan wata biyu shi ma ya rasu. Shekara goma kenan cif bayan Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882. Ciwo ne ke bin gida ɗaya yana ɗauka ɗaya bayan ɗaya, mutane ba su ga abin da ke cinsu ba, sai su nemi fuskar da za su ɗora wa. Can gawa suka samu, mu nan tsohuwa mai rai.

Kuma ba tarihi ba ne da ya wuce. A 2017 jita-jitar masu shan jini ta tashi a kudancin Malawi aka kashe mutane da dama, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomi. A arewacin Ghana akwai sansanin Gambaga inda matan da aka kora da sunan maita ke zaune, a Yulin 2020 aka lakaɗa wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 duka har ta mutu a Kafaba, mutane na tsaye suna ɗauka a waya. Majalisarsu ta amince da dokar hana zargin maita a 2023, shugaban ƙasar na lokacin bai sa hannu ba.

Ni Musulma ce, ban musa aljanu ba, ban musa sihiri da kambun baka ba, ina karanta falaƙi da nasi safe da yamma. Amma yarda da akwai sharri daban, nuna wata da yatsa a ce ita ce daban, wannan ƙazafi ne kuma addinin ma bai bar shi ba. Baturen da ya rubuta bamfaya ya mayar da shi saurayi ko mugu ba wanda zai kwana da fargaba saboda littafinsa. Ni in na rubuta mayya yadda na fara, yarinya 'yar shekara sha huɗu za ta karanta a waya ta ɗaga kai ta kalli tsohuwar gidansu.

Asabar, 2 ga Maris

Alhamdulillahi aiki ya tashi. Na sake farawa daga tushe, sunan labarin yanzu Tsallake, babi huɗu sun kammala, shafi 31.

Na ari dabarar nan ta bakuna da yawa amma na mayar da ita tamu, don mu ba mutanen ajiye littafin sirri ba ne. Babi na ɗaya uwar yaron ce ke ba da labari a wajen zaman makoki, na biyu saƙon murya ne da wani ɗan acaba ya tura wa yayansa a Legas, na uku ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ce ke cike rajista tana ƙirga yara nawa aka kawo da wuya a sanƙare, na huɗu jikar maƙwabciya ce 'yar shekara tara, wadda ita kaɗai ke ci gaba da zuwa ɗakin tsohuwar a ɓoye don tatsuniya. Tatsuniyar marar tabo na saka a bakin tsohuwar, tana yi tana tsayawa saboda jifan da ake yi wa rufin ɗakinta. Ita tsohuwar ba ta da babi nata, ba a jin ta sai ta bakin wasu, haka na ga ya fi dacewa don haka aka yi wa ta gasken.

Kuma ban cire abin tsoro ba, don labarin tsoro na yi niyya ba wa'azi ba. Akwai abin da ke yawo a garin da dare, ana jin tafiyarsa a bayan danga, akuyoyi na yin shiru in ya wuce, akwai baƙon da ya zo da mota yana raba wa yara alawa wanda ba mai tambayar daga ina yake saboda ya gyara masallaci. Wajen rubuta daren da yarinyar ta leƙa ta kafar ƙyaure sai da na tashi na kunna fitila, an ɗauke wuta ni kaɗai a ɗaki gabana na ta faɗuwa.

Na ba ƙawata da muke karatu tare ta duba. Ta ce ya kama ta, amma abu biyu: ba soyayya ko kaɗan, masu karatu za su gudu, sannan dole a ƙarshe na faɗa ƙarara tsohuwar mayya ce ko ba mayya ba ce. Na farkon zan duba, akwai wuri tsakanin ma'aikaciyar asibitin da ɗan acaban da zai iya ɗaukar abu kaɗan ba tare da an tilasta ba. Na biyun mun yi ta ja har magariba. Ita tana ganin in ban wanke tsohuwar fili ba wasu za su rufe littafin suna cewa ai dama ita ce. Ni kuma ina tsoron in na ce ga dodon gaske can, baƙon ne, na sake koya wa mutane cewa matsalar kawai an kama wanda ba shi ba ne, da an kama na daidai da tuɓewar ta halatta. Maganarta na da ƙarfi, tawa ma haka, babi na biyar na nan tsaye a kan wannan.

Asabar, 9 ga Maris

Azumi jibi ko gata in an ga wata, zan ajiye rubutun sai bayan salla, ba na son ina tarawihi hankalina na bayan danga.

Inda aka tsaya: babi huɗu an gyara su sau biyu, na biyar shafi 3 ne kawai kuma da fensir. Tatsuniyoyi 11 duk na kwafe, shafi 58, na tura rikodin ɗin wayar Yaya da kwamfutar ƙanena saboda kar a maimaita na rannan. Na sayi memori sabo.

Ɗazu na kira Gwaggo ta wayar ɗanta na yi mata barka da shiga azumi, na ce zan dawo da ƙaramar salla mu sake biyun da suka ɓata. Ta ce in zan zo na taho mata da ganyen shayi da man zafi na gwiwa, kuma ta tuno wata ta 'yan ruwa da kakarta ke yi musu, mai waƙa uku, tun jiya take ta bin ta ukun a ranta ba ta kamo farkonta ba tukuna.